Miyar Batso a Gidan Ɗan Fari

Ni dai ko a gaban wa zan faɗa, cikin abin da ake sawa a baki ba wanda nake so kamar daudawar batso. Na san masu yatsina fuska, na san masu toshe hanci da gefen mayafi in an wuce da ita a kasuwa. Su ta shafa. Yawancinsu da ita aka yaye su, sai da suka taka kwalta suka fara jin warinta. Ina son fara in an soya ta ta yi ƙaras an barbaɗa mata yaji. Ina son ƙanzon tuwo da aka jiƙa aka kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ina son ɗanyar gyaɗa lokacin cira, da ƙasarta da komai. Amma waɗannan duk na motsa baki ne. In aka ce yau miyar kuka ce, aka jefa mata batso, aka tuƙa tuwon hatsi mai laushi, to ku ci namanku ku ƙyale ni.

A hannun Inna na koyi wannan kwaɗayi, Allah ya jiƙanta. Garinmu ƙauye ne yamma da Gidan Rumji, inda kowace mace take da ƴar gonarta, kuma takan zagaye ta da yakuwa. Ganyen a yi miya, ƴaƴan kuwa, wato gurguzu, a tara a tulu sai bayan kaka. Da su ake yin batso. Inna takan sheƙe gurguzun ta wanke, ta ɗora a babbar tukunyar ƙasa tun da safe, tana zuba ruwan tokar karan hatsi tana ƙara icce, har sai ƙwaya ta murje tsakanin yatsu. Sannan ta rufe tukunyar ruf da ganye da tsummoki, ta tura ta ƙuryar ɗaki. Kwanakin da za ta yi a rufe ba wanda ya isa ya leƙa. In ta buɗe sai ta daka, ta sake rufewa, daga baya ta shanya a kan rumfa ta cura. Ranar buɗewa har maƙwabta na uku sun san an buɗe. Kayanmu, gashin kanmu, tabarmar da muke kwana, duk batso. Ni kuwa ina gindin turmi ina lakato ɗanya ina kaiwa baki, tana buge mini hannu tana cewa cikina zai kumbura. Bai taɓa kumbura ba.

Ni ce auta, don haka akushi ɗaya muke ci da ita har na yi aure. Na san yadda take cin abinci. Ba ta son tuwo da zafi, sai ya sha iska. Takan gutsuri loma, ta danna mata rami da babban yatsa ta ɗebo miya, in miyar ta yi mata sai ta lumshe ido. Mace ce mai ci, ba ta wasa da cikinta. Ko shekarun da hatsi ya yi ƙaranci muna haɗawa da ganyen tafasa da dusa, in dai da batso a ciki ba ka jin ƙorafinta.

Mu biyu muka rayu cikin waɗanda ta haifa, ni da Yaya, shi na fari ni ta ƙarshe. Kowa ya san yadda uwa take kunyar ɗan fari a wajenmu, amma ta Inna ta wuce ta kowa. Ba ta faɗin sunansa, ko ɗan maƙwabta mai irin sunan ya shigo gida sai ta laƙaba masa wani. Ba ta kallonsa, ba ta aikensa, ba ta ci a gabansa. In ya shigo ta ƙofa sai ta juya tana neman abin da bai ɓata ba. In ya zama dole ta yi maganarsa sai ta ce "wancan". Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, daga hannunta ƙanen Baba ya tafi da shi Maradi ya sa shi lakol, wato makarantar boko. Yakan zo hutu ya ci abin da aka kai zaure tare da maza. Ni da nake gindin murhu na san kwanon da take tura wa tsoka in an samu, shi bai sani ba.

A lakol ɗin ne batso ta zame masa abin kunya. Da bakinsa ya taɓa gaya mini cewa in ya koma daga hutu sai ya yi ta wanke kayansa, don ƴan birni na kiransu ƴan ƙauye masu warin batso. Yana faɗa yana dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Tun daga nan a wajensa batso ba abinci ba ce, warin talauci ce.

Ya yi karatu, ya samu aikin buro, wato ofis, a Agiye, ya gina gidan siminti, ya auri malamar lakol ƴar Maradi. Ni kuma aure ya kai ni Gazawa, ba nisa da shi. Da Baba ya rasu gwiwoyin Inna suka fara ƙi, ba ta iya zuwa rijiya. Sai Yaya ya zo da mota. Bai yi magana da ita ba, da dattawan gida ya yi. Ya ce uwarsa ta gama cin wahala, ba ta ƙara daka, ba ta ƙara hura wuta, ba ta ƙara cin abincin yunwa muddin yana numfashi. Kowa ya sa masa albarka, har da ni. Aka kwashi kayan sawarta da tabarmar salla. Tukunyar batso tana jingine a bayan ɗaki, na ga ta dube ta, amma ba ta ce a ɗauko ba, don shi ne ke tsaye a bakin motar yana tsara kaya.

Kar in ci haƙƙinsa, ya yi mata ɗaki mai kyau. Katifa, fanka, labule sabo. Abinci kuwa ba a magana. Da safe shayi da madara da burodi an shafe shi da bota. Da rana shinkafa da jar miya, mai yana yawo a kai, ga nama. Da marece maka, wato makaroni, ko kuskus da kifin gwangwani. Abin da shi ya yi mafarkin ci yana yaro, shi ya jera wa tsohuwar da haƙoranta ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, wadda tun tana budurwa maiƙo ke tayar mata da zuciya. Kwanoni kuma kullum fes suke fitowa daga ɗakinta, don jikokinta na dawowa daga lakol da yunwa, ita kuma ba ta rasa wanda za ta tura wa. Yaya yakan tambaya ko ta ci, a nuna masa kwano, ya ce alhamdu lillahi.

Ina zuwa gaishe ta ranar kasuwa. Zuwan farko na ce baƙunta ce. Bayan ƴan watanni na ga munduwar hannunta, wadda a da sai da sabulu take fita, tana zamewa har gwiwar hannu. Wuyanta ya yi tsawo. Na tambaye ta ko tana ci, ta ce ana ba ta. Na ce ba shi na tambaya ba. Ta share zancen, ta ce bana yakuwa ta yi a wajenmu kuwa? Daga nan ta tambayi me na dafa jiya. Na ce tuwo. Ta ce da wace miya, na ce kuka. Ta ce me da me na sa, na tsaya ta tafasa kafin in kaɗa, tuwon ya yi laushi? Sai da ta sa na dafa mata miyar nan da baki tun daga ɗora ruwa har kwashewa, tana gyaɗa kai tana haɗiyar yawu. Duk zuwan da zan yi bayan nan sai mun yi wannan hira. Ina fita ƙofar gidan nake fara kuka, in hau kabu-kabu zuwa tasha ina share hanci.

Na ce zan dafo daga gida in kawo mata. Ta ce kul, kar in kuskura in shigo gidan mutane da kwano a rufe, a ce ba a ba ta abinci. Na ce to ta zo wajena ta yi ko wata guda. Ta dube ni kamar na zage ta. A ina na taɓa jin uwa ta tare a gidan suruki alhali ɗanta namiji na raye? Ƙuli-ƙuli da farar da nake ɓoyowa a jaka ba ta da haƙoran cinsu, jikoki ke morewa. Da shayi da ɗan kunu take rayuwa.

Shi ma ya ga ramar, ba makaho ba ne. Ya ɗauke ta ya kai likita. Aka auna aka ce ba wata cuta, jini ne ya yi ƙasa, ta riƙa cin abinci mai kyau. To me ye abinci mai kyau a wajen Yaya? Ya ƙaro madarar gwangwani, ya sa ana gaso hanta, ya jibgo magungunan ƙarin jini. Ranar da na iske wannan tulin a gefen katifarta raina ya ɓaci, na same shi a tsakar gida na ce masa Inna ba ciwo take ba, yunwa ke cinta, tuwon hatsi da miyar batso take so.

"Ita ta gaya miki?"

"Sai ta gaya mini? Akushi ɗaya muka ci da ita."

"Ni ba ta taɓa ce mini tana son wani abu ba."

"Yaya, yaushe ta taɓa ce maka wani abu?"

Na ga maganar ta soke shi, amma ba inda na nufa ba. Ya ce wato so nake mutanen Agiye su wuce ƙofar gidansa su ji wari, a ce ya ɗauko uwarsa daga ƙauye ya zo yana ba ta abincin da ta ci don ba yadda za ta yi. Ya ce ni auta ce, ban san komai ba sai shagwaɓa, abin da nake so nake laƙaba mata. Na ce masa abubuwa ni ma, ba duka ne zan maimaita ba.

Matarsa ce ta kira ni bayan kwana biyu. Mutuniyar kirki ce, ba ni da abin faɗa a kanta. Ta ce tana shara ta ɗaga katifar Inna ta iske gutsattsarin burodi sun bushe a ƙasa, na ranakun da yara ba su zo sun karɓa ba. Ta ce hankalinta ya tashi, ita kuma ba ta iya irin wannan girki ba, ba ta kuma iya tsallake maganar mijinta. Amma akwai ranar da zai fita zagayen ƙauyuka da mutanen buro, sai marece zai dawo. In zo in dafa a can, in wani ya tambaya a ce ni ce kwaɗayi ya kama.

Ban yarda in sayi ta kasuwa ba. Na aika Cadawa aka auno mini gurguzu mai kyau, na tara karan hatsi na ƙona na tace toka, na yi da hannuna yadda na ga tana yi. A unguwarmu ta Gazawa yawanci mutanen da kakanninsu suka hauro daga kudu ne, daudawar kalwa suka sani, sai ga shi ana leƙowa ta katanga ana tambaya ko wani abu ya mutu a gidanmu. Maigidana ma ya ƙaura zaure da cin abincinsa. Ban kula kowa ba. Na surfa hatsi na kai niƙa, na daka kukata sabuwa, kore shar.

Ranar na isa Agiye da hantsi, motar su Yaya ta riga ta tafi. Na ƙi murhun gas, na jera duwatsu a bayan gida na hura icce. Ruwa na tafasa na marmasa batso na zuba. Ba a jima ba na ji ana jan ƙafa. Inna ce, wadda matar Yaya ta ce alwala kaɗai ke fito da ita, ta dafo bango ta zo ta zauna a ƴar kujera. Ba ta tambayi me ake yi ba. Cewa ta yi wutar ta yi yawa, in janye icce ɗaya. Ta ce in miƙo curin ta gani. Ta shinshina, ta gutsura ta ɗora a harshe, ta ce na yi gaggawar buɗewa, da na ƙara mata kwana, tokar ma ta so ta yi yawa, amma ba laifi, za a ci. Ta ce ba haka ake riƙe maburgi ba, wa ya koya mini, ita dai ba ita ba. Muryarta ta dawo, irin ta da, mai kaiwa har bakin rijiya. Matar Yaya na tsaye da mayafi a hanci tana dariya, ni ina tuƙi ina dariya, hayaƙi ya ba ni dalilin hawaye.

Na kwashe na kai mata ɗaki. Ta wanke hannu ta gyara zama, ta jawo akushin gabanta, sai ta tsaya. Na ce ta ci mana. Ta ce ina azarɓaɓi, ya sha iska tukuna. Muka zauna muna kallon tururi. Tana ba ni labarin wata shekara da tunkiya ta ture mata shanya, tana taɓa tuwon da bayan yatsa tana janyewa.

Nan muka ji tsayuwar mota. Ashe ruwan da aka yi ya yanke musu hanya, suka juyo. Abokan aikinsa biyu suka shigo da shi shan ruwa, na ji ɗaya yana dariya yana cewa ashe gidan manya ma ana taɓa batso. Ban ji amsar Yaya ba. Na ji dai ya sallame su da wuri, na ji takunsa ya nufo mu. A lokacin Inna ta riga ta gutsuri loma, ta yi mata rami, ta ɗebo miya.

Na ɗauka faɗa zai yi, na shirya masa. Da ma faɗan ya yi. Kullum daga bayan labule yake gaishe ta, ta amsa a ciki-ciki, ya wuce. Ran nan sai ya ɗaga labulen ya shigo, ya tsuguna a gabanta, abin da bai taɓa yi ba. Ya dubi akushin, ya dubi hannunta, ya yi magana a hankali.

"Inna, ina so in ji daga bakinki. Abin da ake ba ki a gidan nan bai yi miki ba? In wannan kike so ki faɗa mini, wallahi kullum shi za a riƙa yi."

Da gaske yake, na gani a fuskarsa. Na ce Inna ki ce i, kalma ɗaya ce. Ba ta dube shi ba. Ta juya fuska wajen bango, ta ja mayafi ta rufe gefen da yake, lomar na hannunta miya na bin yatsunta. Da ta buɗe baki da ni ta yi magana.

"Ce ma wancan ni ban aiki kowa ba. Kwaɗayinki ne ya kawo ki. Abin da ake ba ni ya ishe ni, Allah shi yi albarka."

Ta mayar da lomar cikin akushi, ta tura shi gabana da bayan hannu.

Yaya ya sauke numfashi. Ya dube ni ya ce na dai ji da kunnena. Ya tashi ya fita, na ji yana ce wa matarsa a sa turaren wuta a tsakar gida.

Na jawo akushin na mayar gabanta, na ce ya tafi, ta ci ko loma uku, ba mai gani. Ta ce ta riga ta faɗa. So nake ya dawo ya iske ta ƙaryata kanta? So nake ta buɗe baki ta ce wa ɗan fari abincin gidansa bai yi ba, shi da ya tsuguna mata? Na roƙe ta, na yi fushi, na ce to ta mutu da yunwa don kunya, a rubuta mata lada. Ta ce in rage murya. Ta ce kuma kar in sake kawowa, ko yana nan ko ba ya nan.

Har yau ban san da wa na fi jin haushi ba. Mutum ya yi karatu har ya ƙare, yana zagaya ƙauyuka yana koya wa mutane yadda za su yi, amma bai san ba a tambayar uwa irin wannan ba. Ko yaron da bai yi wayo ba a garinmu ya san in ka iske mahaifiyarka da abinci a hannu, kai ɗan fari, juyawa kake yi kamar ba ka gani ba, gobe ka sa a sake dafawa ba tare da ka ce uffan ba. Abin da ake nema gare shi ke nan, ya wuce kawai. Ita kuma, Allah ya gafarta mata, ta zaɓi ta kare masa fuska da cikinta. Ba ta kai lokacin kaka ba ta rasu. A zaman makoki ina ji mata na cewa ta yi sa'ar ɗa, shinkafa da nama har ranar da ta cika. Yaya na karɓar gaisuwa yana cewa alhamdu lillahi bai bar ta ta nemi komai ta rasa ba. Ya yarda da abin da yake faɗa, ban kuma taɓa gyara masa ba, don in na fara ban san inda zan tsaya ba.

Ranar dai da na ga ba za ta ci ba, na kwashi akushin na kai bayan gida na rufe, ban iya kai ko loma ɗaya bakina ba. Na ɗebo ruwa a ƙwarya da sabulu na koma ɗakin don ta wanke hannu. Na iske ta kwanta ta fuskanci bango. Na ce Inna ga ruwa, miya ta fara bushe miki a yatsu.

"Aje nan," ta ce. "Sai an jima."

Na aje. Da la'asar na shigo yi mata sallama zan koma Gazawa, ruwan na nan yadda na bar shi, sabulun ko jiƙa bai yi ba. Ta yi barci, hannun na cikin mayafi daidai hancinta.